Shekara 23 Babu Ƙararrawa, Babu Kiran Salla

A daren 24 ga Disamba na 1963, jajiberin Kirsimeti, wani fada ɗan shekara 35 mai suna Ernest Simoni ya jagoranci sujadar dare a cocin Barbullush, wani ƙauye da ke kudu da birnin Shkodra a arewacin Albaniya. Bai koma ɗakinsa ba a wannan dare. Jami'an Sigurimi, wato 'yan sandan cikin gwamnatin gurguzu, suka same shi a nan, suka ɗaure masa hannu, suka tura shi cikin mota. Cikin abubuwan da aka tuhume shi da su har da yi wa shugaban Amurka John Kennedy addu'ar neman rahama, wanda aka harbe wata guda kafin nan. Kennedy ɗan Katolika ne, kuma limaman Katolika a sassan duniya da dama sun yi masa irin wannan addu'a. Amma a Albaniya ta wancan zamani, roƙa wa shugaban 'yan jari-hujja gafara, ko da ya riga ya mutu, ya isa ya zama shaidar cin amanar ƙasa. Aka yanke wa Simoni hukuncin kisa, daga baya aka sassauta shi zuwa ɗaurin shekara 25 da aiki mai tsanani.

Akwai waɗanda suka fi shi shan wuya, kuma da yawansu har yau ba a san inda aka binne su ba. Abin da ya bambanta Simoni shi ne tsawon rai. An haife shi a ƙauyen Troshan a 1928, yana ɗan shekara 16 'yan gurguzu suka karɓi mulki, kuma ya rayu har ya ga rushewar wannan mulki da idonsa. Duk wanda ya bi rayuwarsa daga farko zai ga matakan da wata gwamnati ta bi ɗaya bayan ɗaya har ta kai ga abin da ko Tarayyar Sobiyet ba ta yi ba, wato haramta addini baki ɗaya a rubuce cikin doka.

Albaniya ƙaramar ƙasa ce a gaɓar tekun Adriyatik, tana fuskantar kudancin Italiya, kuma faɗinta bai kai na jihar Kaduna ba. Ta yi fiye da ƙarni huɗu a ƙarƙashin Daular Usmaniyya kafin ta sami 'yanci a 1912. Ƙididdigar da aka saba kafa hujja da ita kafin Yaƙin Duniya na Biyu ta nuna kimanin kashi 70 cikin 100 na jama'arta Musulmi ne, ciki har da mabiya ɗariƙar Bektashiyya, kashi 20 Kiristocin Otodoks ne da suka fi yawa a kudu, kashi 10 kuma Katolika ne da ke zaune a Shkodra da duwatsun arewa. Mutumin da ya hau mulkin wannan ƙasa a Nuwamban 1944 ya fito ne daga gidan Musulmi a garin Gjirokastra. Sunansa Enver Hoxha, ana furta shi Hoja. Enver shi ne Anwar a bakin Turkawa, Hoja kuwa ma'anarsa malami ko liman. Sunan zuri'ar mutumin da ya rufe masallatan ƙasarsa gaba ɗaya ke nan.

Da Katolika aka fara, duk da cewa su ne mafi ƙaranci, kuma dalilin ba a ɓoye yake ba. Shugabansu na addini yana Roma, inda hannun Hoxha ba ya kaiwa. Limamansu sun yi karatu a Italiya da Ostiriya, suna da makarantu da mujallu da maɗaba'a, kuma a Shkodra su ne ƙashin bayan ilimin zamani. Sannan mutanen duwatsun arewa, waɗanda ba su taɓa saba wa biyayya ga gwamnatin tsakiya ba, sun fi jin maganar fada a kan ta wakilin jam'iyya. Ya kamata kuma a faɗi abin da masu ba da wannan tarihi kan tsallake: wasu daga cikin malaman cocin sun shiga siyasar zamanin mamaya. Fada Anton Harapi, alal misali, ya zauna a majalisar riƙon ƙasa a lokacin da Jamusawa ke iko da Albaniya, kuma an kashe shi a 1946. Gwamnati ta ɗauki irin wannan misali ta shafa wa kowa kashin kaji, har da tsofaffin limaman ƙauye da ba su san komai ba sai ikilisiyarsu.

A 1945 aka kori wakilin Fafaroma daga ƙasar, aka kuma ƙwace gonakin majami'u da na masallatai da sunan gyaran dokar filaye. A ranar 4 ga Maris na 1946 aka harbe limaman Katolika uku a Shkodra: Giovanni Fausti ɗan Italiya, da Daniel Dajani, da Gjon Shllaku. A ƙarshen wannan shekara jami'an tsaro suka sanar da cewa sun gano makamai a ɓoye cikin cocin 'yan ɗariƙar Faransiskan na birnin, makaman da daga baya aka tabbatar cewa su ne suka ajiye su. Babban bishop na Durres, Vincenc Prennushi, wanda marubuci ne kuma mai fassara, an nemi ya jagoranci wata cocin ƙasa da za ta yanke hulɗa da Roma. Ya ƙi. Aka ɗaure shi, ya mutu a kurkuku a Maris na 1949. Wata matashiyar malamar makaranta mai suna Maria Tuci, wadda ke shirin zama sista, ta sha azabar da ba ta faɗuwa a hannun masu bincike, ta rasu a 1950 tana da shekara 22.

Simoni yana ɗalibi a makarantar Faransiskan sa'ad da wannan guguwa ta iso. An rufe makarantar, an kama malamansa, an watsa ɗalibai. Ya koyar a wani ƙauye cikin duwatsu, aka ɗauke shi aikin soja na dole, sannan ya ƙarasa karatun tauhidinsa a asirce. A ranar 7 ga Afrilu na 1956 aka naɗa shi fada. Yana da kyau a tsaya a yi tunani a kan wannan zaɓi nasa. Saurayi ne da ya ga abin da ya sami malamansa, ya san babu albashi, babu kariya, babu ko alamar cewa mulkin zai sauya, amma ya miƙa wuya aka ɗora masa wannan nauyi. A wancan lokaci coci tana nan a buɗe, sai dai a ƙarƙashin wata yarjejeniya ta 1951 da ta raba ta da Roma a hukumance, ta kuma sa harkokinta a tafin hannun gwamnati. Ya yi shekara bakwai da 'yan watanni yana hidima kafin daren Barbullush.

A cikin watannin farko na tsarewa, kamar yadda ya ba da labari da bakinsa daga baya, an sa masa wani mutum a ɗaki wanda aikinsa shi ne ya zagi jam'iyya don ya ja shi ya furta abin da za a rataye shi da shi. Simoni ya amsa masa da cewa Almasihu ya koya wa mabiyansa su ƙaunaci maƙiyansu, su yafe musu, su kuma yi wa jama'a aikin alheri. Yana ganin wannan magana ce ta kai kunnen manya har aka soke hukuncin kisan. Ko ita ce ko ba ita ba, daga nan sansanin aiki aka nufa da shi.

Yana can a ɗaure aka shiga mataki na biyu. Hoxha ya ɓata da Tarayyar Sobiyet a 1961 ya koma ɓangaren Sin, kuma da Mao ya ƙaddamar da Juyin Al'adu a 1966, sai Tirana ta kwaikwayi salon. A ranar 6 ga Fabrairu na 1967 Hoxha ya yi wani jawabi da ya zuga matasa su tashi su yaƙi abin da ya kira camfi da tsofaffin al'adu. Ɗaliban wata makarantar sakandare a Durres ne suka fara, daga nan abin ya bazu. Aka tsara shi yadda zai zama kamar jama'a ne da kansu suka gaji da addini: a tara mutanen ƙauye, a karanta takarda, a ɗaga hannu, a karɓi makullin coci ko na masallaci. Wanda bai ɗaga hannu ba an ga fuskarsa. Cikin 'yan watanni aka rufe wuraren ibada 2,169, da masallatai da majami'u da zawiyoyi da gidajen sufaye. Wasu aka rushe, wasu aka mayar rumbun hatsi, ko sinima, ko garken dabbobi. Babbar cocin Shkodra ta koma zauren wasanni. Kaɗan aka bari a tsaye a matsayin kayan tarihi, kamar masallacin Et'hem Bey da ke tsakiyar Tirana, amma babu mai shiga ya yi salla. A Nuwamban 1967 aka fitar da doka mai lamba 4337 wadda ta soke duk wata amincewar da hukuma ta taɓa yi wa ƙungiyoyin addini.

Hausawa kan ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A Albaniya ruwan bai yi amfani ba, kuma ko gemun ma an hana ajiyewa, har baƙon da ya iso kan iyaka da gemu sai an aske shi kafin ya shiga. Shugabannin Musulmi da na Otodoks waɗanda suka yi ta lallaɓa gwamnati tsawon shekara ashirin da fatan za a bar musu ko da ƙofa ɗaya a buɗe, sun wayi gari a 1967 daidai da Katolikan da aka fara da su. Wani malamin Musulunci na Shkodra, Hafiz Sabri Koci, tun 1966 aka kama shi, kuma sai da ya yi shekara ashirin a kurkuku.

Tsarin mulkin 1976 ya kammala aikin. Sashe na 37 ya bayyana cewa ƙasa ba ta amince da kowane addini ba, kuma za ta tallafa wa yaɗa aƙidar babu Allah. Sashe na 55 ya haramta kafa ƙungiyar addini da yin wa'azi. Kundin hukunta laifuffuka na 1977 ya tanadi ɗaurin shekara uku zuwa goma ga wanda aka samu da farfagandar addini, wanda a aikace yana iya nufin Littafi Mai Tsarki, ko Alƙur'ani, ko carbi a ƙarƙashin matashi. A nan ne Albaniya ta sha bamban da sauran ƙasashen gurguzu. Tarayyar Sobiyet ta kashe limamai da yawa ta rushe majami'u dubbai, amma tsarin mulkinta bai daina ambaton 'yancin ibada ba, ko da a takarda ne kawai. Hoxha bai ga dalilin wannan kara ba.

Me ya sa ya kai abin har haka? Aƙidar Markisanci tana ciki, amma ba ta isa ta bayyana komai ba, tunda Poland da Hangari ma ita suke bi. Akwai kishin ƙasa irin na mai jin an kewaye shi. A idon Hoxha, Musulunci gadon Turkawa ne, Otodoks ƙofar Girka da Sabiya ce, Katolika kuwa hannun Italiya ne. Gwamnati ta ɗauko wata tsohuwar waƙa ta Pashko Vasa, wani ɗan Katolika na Shkodra da ya rayu a ƙarni na 19, wanda ya roƙi 'yan ƙasarsa kada bambancin addini ya raba kansu, ta murɗe ta ta mayar da ita hujjar kawar da addinan baki ɗaya. Mutumin da ya cika ƙasarsa da ƙananan ramukan kankare na yaƙi fiye da 170,000 saboda tsoron mamayar da ba ta taɓa zuwa ba, ba abin mamaki ba ne idan ya ga ɗan leƙen asiri a cikin kowace rigar fada. Sai dai dalilin da ya fi kowanne nauyi shi ne kishiya. Mulkin da ke son ya mallaki mutum ɗungurungum ba ya jure a ce akwai wani wanda mutumin ke durƙusa wa, ko wata doka da yake ganin ta fi ta jam'iyya.

Rufe gini abu ne mai sauƙi. Aikin da ya fi wuya shi ne shiga cikin gida, kuma a nan ne gwamnati ta nuna ƙwarewa. A lokacin azumin Ramadan da na Kiristoci kafin Ista, akan raba abinci a makarantu da wuraren aiki, a zuba ido a ga wanda zai kau da kai. Malaman makaranta sukan yi wa yara ƙanana tambayoyi cikin wasa: me kuka ci jiya da dare, kun tashi cin abinci kafin asuba, ko kakarku tana yin wata alama da hannu kafin ta kwanta? Ɓawon ƙwai mai jan launi a cikin shara, irin wanda Kiristoci ke rinawa ranar Ista, yana iya jawo wa gida bincike. A 1975 aka fitar da doka kan sauya sunayen da ba su dace da aƙidar ƙasa ba, aka kuma rarraba jerin sunayen da ake so iyaye su zaɓa. Shi ya sa a cikin waɗanda aka haifa a wancan zamani ake samun Ilir da Agron da Teuta da yawa, sunayen da aka tono daga tarihin Iliriyawa na kafin zuwan Kiristanci da Musulunci. Har akwai masu suna Marenglen, wanda aka harhaɗa daga Marx da Engels da Lenin. A Shkodra, birnin da aka fi sani da riƙon addini, aka buɗe gidan tarihi na musamman a 1973 don nuna wa jama'a cewa addini yaudara ne.

Abin da ya sa wannan tsari ya yi tasiri shi ne laifin mutum ɗaya ba ya tsayawa a kansa. Kowane ɗan ƙasa yana da abin da ake kira tarihin rayuwa a fayil ɗin hukuma, kuma tabo ɗaya a cikinsa yana bin 'ya'ya da jikoki: babu jami'a, babu aikin kirki, wani lokaci a kwashe iyali gaba ɗaya a kai su wani ƙauye mai nisa da ba su da izinin fita daga cikinsa. Saboda haka iyaye da yawa suka yi ta ciki na ciki. Uwa takan jira yara su yi barci kafin ta yi addu'a, don ba ta san abin da bakin yaro zai furta a aji ba. Wannan ita ce ɓarnar da ba a iya ƙirgawa, domin uwar da ta ɓoye wa ɗanta imaninta don ta cece shi, ta yi wa gwamnati rabin aikinta ba da son ranta ba.

Duk da haka akwai masu yin kasada. Fada Shtjefen Kurti ya riga ya yi shekara 17 a kurkuku, an sake shi a 1963, bayan 1967 kuma aka tura shi aikin gonar gwamnati. Wasu iyaye suka roƙe shi ya yi wa ɗansu baftisma a ɓoye, ya yi. Labari ya fita. Aka harbe shi a Oktoban 1971, yana tsoho mai shekara 72. Wata mata mai suna Marije Kaleta, wadda aka rufe gidan sistocin da ta shiga tun kafin ta ɗauki alkawarinta na ƙarshe, ta yi shekaru tana yi wa jarirai baftisma a asirce. Ta ba da labarin wata rana da wata mata ta biyo ta a guje a kan hanya da jaririya a hannu tana roƙonta. Kaleta ta ji tsoro, domin ta san matar ta gidan 'yan jam'iyya ce, sai ta ce ba ta da abin ɗiban ruwa. Matar ta nace, ta nuna mata wata magudanar ruwa a gefen hanya. Kaleta ta cire takalminta na roba, ta ɗebo ruwa da shi, ta yi wa yarinyar baftisma a nan bakin hanya.

Ita ma Uwa Teresa ta Kalkata, wadda 'yar asalin Albaniya ce, ba ta tsira daga wannan ba duk da sunan da ta yi a duniya. Mahaifiyarta da 'yar'uwarta suna zaune a Tirana, ta nemi izinin zuwa ganinsu aka hana ta, su ma aka hana su fita. Mahaifiyar ta rasu a 1972 ba su sake haɗuwa ba. Sai a 1989 aka bar ta ta shiga ƙasar, ta je ta tsaya a kan kabari.

Shi kuwa Simoni, wani babban kaso na ɗaurinsa a Spac ya yi shi, wata mahaƙar tagulla a cikin duwatsun Mirdita da aka mayar kurkukun 'yan siyasa a 1968. Wuri ne da ba ya buƙatar doguwar katanga, don duwatsun da kansu sun isa. Fursunoni suna shiga rami kashi-kashi dare da rana, kowane rukuni da adadin kekunan dutsen da zai fitar, wanda ya gaza kuma a ɗaure shi a waje cikin sanyin hunturu ko a jefa shi ɗakin kaɗaici. A nan Simoni ya ci gaba da aikin da aka kama shi dominsa. Ba shi da littafi, sai ya riƙa karanta addu'o'in sujadar Mas da Latin daga abin da ya haddace. Gurasar ibada ɓarɓashin burodi ne, ruwan inabin kuma 'ya'yan inabi ne da yake matsewa idan ya samu. Yana sauraron masu furta zunubansu a kan hanyar rami, ba tare da an tsaya ko an durƙusa ba, ta yadda mai gadi zai ɗauka hira suke yi. A watan Mayu na 1973 fursunonin Spac suka yi bore, suka riƙe sansanin na 'yan kwanaki, har suka ɗaga tutar Albaniya wadda babu tauraron gurguzu a kanta. Aka murƙushe su, aka kashe huɗu. An sa sunan Simoni cikin masu zuga boren aka sake yanke masa hukuncin kisa, amma a wannan karon ma ba a zartar ba.

An sake shi a 1981 bayan shekara 18, da tambarin maƙiyin jama'a a fayil ɗinsa. Aikin da aka ba shi shi ne yasar magudanan ƙazanta na birnin Shkodra. An zaɓi aikin ne don a wulaƙanta shi a gaban mutanen da suka san shi da rigar limanci, kuma ya yi shi kusan shekara goma. Sai dai wanda ya tsara wannan hukunci bai yi lissafin wani abu ba: mai yasar kwata yana shiga kowace unguwa, kuma ba a cika tambayar abin da ya kawo shi ƙofar gida ba. Da dare yakan shiga gidajen da aka amince da shi ya yi baftisma, ya ɗaura aure, ya yi wa mai jinya addu'a.

Hoxha ya mutu a ranar 11 ga Afrilu na 1985, Ramiz Alia ya gaje shi. Da katangar Berlin ta faɗi a 1989, aka kuma harbe Ceausescu na Romaniya a ranar Kirsimetin wannan shekara, sai shugabannin Tirana suka fara sassautawa a hankali. A Mayun 1990 aka cire farfagandar addini daga jerin laifuffuka, amma babu wanda ya san ko da gaske ake, kuma babu mai son ya zama zakaran gwajin dafi. Wanda ya yarda ya zama shi ne Fada Simon Jubani, wanda ya yi shekara 26 a kurkuku, akasari a gidan yarin Burrel, aka sake shi a 1989. A ranar 4 ga Nuwamba na 1990 ya tsaya a tsohuwar maƙabartar Katolika ta Rrmaj a Shkodra, a gaban wani ɗan ƙaramin ɗakin sujada da ya lalace, ya jagoranci sujadar Mas a bainar jama'a, karo na farko cikin shekara 23. Mutane sun zo suna waige-waige. Ba a yi harbi ba. Da mako ya zagayo, ranar 11 ga wata, dubun dubatar mutane suka cika maƙabartar har suka tumbatsa. Ranar Juma'a 16 ga Nuwamba, Hafiz Sabri Koci ya hau mumbarin tsohon masallacin nan da ake kira Masallacin Darma, ya ja sallar farko. Mutanen Shkodra har yau suna ba da labarin yadda Musulmi suka tsaya cikin taron maƙabarta don kare fadan, da yadda Kiristoci suka zo masallacin a ranar Juma'ar.

A irin wannan gaɓa ne mai ba da labari kan so ya ce sara da sassaƙa ba ya hana gamji toho. Gamjin ya yi toho, amma ba yadda yake a da ba. Limaman Katolika da suka rage da rai a ƙasar kimanin 30 ne, yawancinsu tsofaffi da kurkuku ya cinye. Cocin Otodoks ba ta da bishop ko ɗaya, sai da aka turo Anastasios daga Girka ya sake gina ta daga tushe. An sami mutanen da suka kai shekara ashirin da 'yan kai ba su taɓa shiga wurin ibada ba, sun san gidansu na Kirista ne ko na Musulmi kamar yadda mutum ke sanin sunan kakansa, amma ba su iya addu'a ko ɗaya ba. Ƙidayar 2023 ta nuna Katolika kimanin kashi 8 ne, Otodoks kimanin kashi 7, sannan akwai kaso mai yawa na masu cewa sun yarda da Allah amma ba sa bin kowane addini. Waɗanda suka yi azabtarwar kuwa, kaɗan ne ƙwarai suka fuskanci shari'a, kuma sai a 2015 aka yi dokar buɗe fayilolin Sigurimi.

Fafaroma John Paul na Biyu ya zo Shkodra a ranar 25 ga Afrilu na 1993, ya naɗa bishop huɗu a cikin cocin nan da aka taɓa mayarwa zauren wasanni. A ranar 21 ga Satumba na 2014 Fafaroma Francis ya ziyarci Tirana, aka gabatar masa da tsofaffi biyu su faɗi abin da suka gani. Ɗaya ita ce Marije Kaleta mai takalmin roba. Ɗayan Ernest Simoni ne, yana gab da cika shekara 86. Ya karanta labarinsa daga takarda, da muryar da ba ta hawa ba ta sauka, tun daga daren Barbullush har zuwa kwatocin Shkodra. Da ya gama ya nufi Fafaroma zai sumbaci hannunsa, sai Fafaroman ya rungume shi, ya jingina goshinsa da nasa yana hawaye.

A ranar 5 ga Nuwamba na 2016, a Shkodra, Cocin Katolika ta ayyana mutum 38 da mulkin gurguzu ya kashe a matsayin shahidai masu albarka, ciki har da Prennushi da Kurti da Maria Tuci, wadda ita kaɗai ce mace a cikinsu. Mako biyu bayan haka, ranar 19 ga wata, aka ɗora wa Simoni jar hular kadinal a Roma, shi da bai taɓa zama bishop ba. Gine-ginen Spac suna nan a cikin duwatsun Mirdita, rufinsu yana zubewa, tsofaffin fursunoni suna ta kiran a mayar da wurin gidan tarihi, kuma an koma haƙar tagulla a kusa da shi.